Waiwaye: Daga ina tsadar kyamara ta samo asali?

Duk lokacin da sabuwar kyamara ta fito, gardamar ɗaya ce tsakanin masu sha'awar hoto. Wani ya ce shi hoto kawai yake ɗauka, don me za a ɗora masa kuɗin bidiyon 8K mai tsananin tsabta da ba zai taɓa kunnawa ba? Wani ya ce ko nawa ne zai biya, muddin kyamarar za ta kama idon tsuntsu yana tsakiyar shawagi. A 2024 an sa wa Canon EOS R5 Mark II dala 4,299, Sony a9 III kuma kusan dala 6,000, gangar jiki zalla, ba a haɗa da gilashin gaba ba. Masu ƙorafi na magana kamar jiya abin ya faro, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. A 1975 injiniya Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko a kamfanin Kodak. Nikon D1 ta zo a 1999, Canon 300D ta sauko ƙasa da dala 1,000 a 2003, fim ɗin da ake sa wa kyamara ya fara ja da baya. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121. Sai wayar hannu ta cinye kasuwar ƙananan kyamarorin aljihu, har a 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Kowa a nan yake tsayawa, ya ce waya ce ta jawo.

Ni dai a ganina an tsallake 'yan makonnin da suka fi komai tasiri, wato ƙarshen Agusta zuwa Satumban 2008, gab da baje kolin Photokina a birnin Kolon na Jamus. Nikon D90 ta fito a matsayin ta farko mai ɗaukar bidiyo a cikin kyamarorin DSLR, wato na dijital masu madubi a ciki da ake sauya wa gilashi. Panasonic ya nuna Lumix G1, wadda aka cire mata madubin ciki gaba ɗaya. Kwanaki kaɗan bayan haka Canon 5D Mark II ta biyo, da babbar sensa, wato ɗan farantin ciki mai karɓar haske ya mai da shi hoto, mai girman fim na milimita 35, tana ɗaukar bidiyo mai tsabtar layi 1080, a kan dala 2,699.

Bidiyon nan da farko kamar gyara ne da mai awo ke ƙara wa mai saye. Ba ka iya saita haske da hannunka, kyamarar ce ke zaɓa maka, kuma bayan kamar minti 12 sai ɗauka ta yanke. Amma masu shirya fina-finai da masu ɗaukar biki sun ga abin da a da sai da kayan miliyoyi ake samu: fuskar amarya tar, bayanta ya narke kamar hazo. Suka yi ta roƙo, aka saurare su. A 2009 sabuwar manhaja ta ba su damar saita haske da kansu, a 2010 wata ta kawo ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa irin na silima. Masu saye ne da bakinsu suka nemi wannan, kuma tun daga lokacin kusan kowace kyamara sai an tambayi bidiyonta kafin a tambayi hotonta. Mu ma nan mun shaida, don 5D ta daɗe tana yawo a wuraren biki da wuraren ɗaukar fim a Kano da Kaduna.

Ita kuwa G1 ba ta ma ajiye bidiyo. Sai dai duk wanda ya kafa ido a tagar leƙenta, bidiyo yake kallo, domin da babu madubi dole sensa ta riƙa aiko hoto ba tsayawa zuwa wani ɗan allo a ciki. Nan ne ƙullin yake, kuma ina so masu neman kyamarar "hoto zalla" mai araha su lura da shi. Saurin karanta sensa da ke ba da bidiyo, shi ne dai ke ba kyamara damar bin idon yaro yana gudu, shi ne ke sa ta ɗauki hoto ashirin a daƙiƙa ba tare da ƙara ba a ɗakin ɗaurin aure. Ko an goge maɓallin bidiyo, sensar mai tsada da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ta suna nan daram. Nikon Z9 ta 2021 ta kai abin ƙarshe, ba ta da labulen ƙarfe mai buɗewa da rufewa sam.

To ga kuɗin ƙera irin wannan sensa yana hawa, ga masu raba nauyinsa sun ragu daga miliyoyin masu sayen ƙaramar kyamarar zuwa suna da yawon Sallah, sun koma ƙwararru da 'yan tsirarun masu sha'awa. Su ɗin ma ba bakinsu ɗaya ba. Fujifilm X100VI, mai gilashi ɗaya da ba a sauyawa, ta fito a 2024 a kan dala 1,599, mutane suka yi watanni suna jiran layi. A nan gida kuwa, tun da naira ta faɗi a 2023, mai hoton biki ya fi duba ta hannu, abin da yake fara tambaya shi ne sau nawa aka danna ta, kuma ko batirinta na riƙe caji har a watse daga walima.