Don Allah a daina wankin ciki da 'ya'yan cini da zugu

Kaka ta yi, cini da zugu ya nuna a shingaye, mu kuma a asibiti aiki ya dawo mana sabo. Duk shekara haka muke fama. Da ruwa ya ɗauke, 'ya'yan nan suka yi ruwan ɗorawa, suka bushe suka fara fashewa suna zubo da baƙaƙen ƙwayoyi a gindin shinge, sai a fara shigo mana da mutane a galabaice, ga amai ga gudawa. Yara ba sa zuwa ɗai-ɗai. Tare ake kwaso su, 'yan gida ɗaya ko almajiran tsangaya ɗaya, don tare suka tsinta, tare suka ɓare, tare suka ci. Manya kuwa su kaɗai suke zuwa, kuma su ne ba sa faɗin abin da suka sha sai an yi ta lallashi.

Yara ban ga laifinsu ba. Ƙwayar fara ce tas idan aka ɓare, ga maiƙo, ga garɗi irin na ɗanyar gyaɗa, babu ɗacin da zai sa yaro ya tofar. Da ku manya nake magana, iyayena mata, kakanni, da iyayena maza masu cewa su ba sa zuwa asibiti a kan ciwon ciki. Ku ne kuke ajiye ƙwayoyin nan a gwangwani a ƙarƙashin gado. Ku ne idan ciki ya cushe kwana biyu, ko basir ya motsa, ko aka ga cikin yaro ya yi tsini, sai a ɗauko biyu ko uku a daka a zuba a kunu, wai a wanke datti. Wannan ɗabi'ar ita nake roƙon ku da girman Allah ku bari.

Abin da ke fita ɗin nan ba datti ba ne. Ruwan jiki ne. Ƙwayar tana ɗauke da dafi iri biyu, masana suna kiran ɗaya kursin, ɗayan kuma fobol, shi ne a cikin man ƙwayar. Su ne suke yi wa hanji illa, hanji kuma ya yi ta zubar da ruwa da gishirin da jiki ke rayuwa da su. Daga rabin awa zuwa awa biyu abin yake farawa: zafi a maƙogwaro, tashin zuciya, murɗar ciki, amai, sannan zawo kamar an buɗe famfo. Wanda ya sha yana jin jikinsa ya yi sakayau washegari, sai ya ce magani ya yi aiki. Rashin ƙarfi ne, Baba. An tatse ka ne.

Kuma inda abin ya fi ci mini rai shi ne abin da wannan imani yake jawo wa yara. Gidan da aka ɗauki cini da zugu a matsayin magani, ranar da yaro ya je ya ci da kansa, ba a ruɗewa. Sai a ce a bar shi, ai gaba ta kai shi, dama cikinsa na buƙatar wanki. Yaro ya fara amai da la'asar, a shimfiɗa masa leda, a zauna ana kallo. Magariba ta wuce, isha'i ta wuce. Sai tsakar dare da ya daina kuka, wuyansa ya saki, sannan a fita neman keke, kuma kowa ya san yadda samun abin hawa yake a Jos da dare, balle mai fitowa daga Rikkos ko can cikin Unguwar Rogo.

Wata dattijuwa ta kawo jikanta a irin wannan hali, yaro ɗan wajen shekara huɗu. Idanunsa sun faɗa, leɓe ya bushe ya tsattsage, yana son yin kuka babu hawaye. Na kama fatar cikinsa na ɗaga na saki, ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Muna neman jijiyar da za mu sa masa ƙarin ruwa, jijiya ta ɓuya, muka duba hannu, muka duba ƙafa. Ita kuwa tana gefe, sai ta kwance bakin zaninta ta nuna mini ragowar ƙwayoyin, ta ce, “'Yar nan, da wannan fa aka raine mu, ban ba shi don in cuce shi ba.” Na ce, “Inna, na sani. Babu wanda ya ce kin ƙi jikanki. Amma taɓa bakinsa ki ji.” Ta sa yatsa a harshensa, ta ji shi a bushe ƙamas, sai ta yi shiru. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi. Yawancinsu suna tashi idan an kawo su da wuri, wani ma kwana ɗaya ya isa. Amma wahalar da aka ba shi, da kuɗin da aka kashe, da daren da aka kwana a tsaye, duk a kan me?

“Da wannan aka raine mu” ita ce maganar da na fi ji. To, ku da kuka sha kuka rayu ku ne kuke ba da labari. Kuma ku gaya mini awonsa. Nawa ake ba ɗan shekara uku, nawa ake ba ɗan goma? Babu mai amsa, domin babu awo. Ƙarfin dafin ya bambanta daga wannan bishiya zuwa waccan. Ƙwaya biyun da suka sa ƙato zagayawa sau uku ya tashi ya tafi kasuwa, su ne za su kwantar da ƙaramin yaro. Tsoho mai hawan jini ko ciwon sukari ko matsalar ƙoda, shi ma ba shi da ruwan da zai yi asara haka. Mai juna biyu kuwa kada ma ta kusance shi, ko wa ya ba ta, ko da wace hujja.

Wasu kuma su ce ai su soyawa suke yi, ko su gasa a toka, wuta ta kashe dafin. Wuta tana rage ɗaya, ɗayan da ke cikin man yana nan daram. Soyayyen ma ya fi haɗari a gida, don ƙamshinsa yana kiran yara. Na kuma ji masu cewa sun gani a waya ana cin sa a ƙasar waje. Gaskiya ne a wasu sassan Meziko, inda nan ne asalin bishiyar, akwai wani iri marar dafi da mutanen wurin suke gasawa su ci. Wanda ke shingen gidanku ba shi ba ne, kuma ido ba ya bambanta su. Haka nan akwai ɗan uwansa da wasu maƙwabtanmu suke miya da ganyensa don ƙarin jini. Wannan wani tsiro ne daban, kuma ganye ake magana, babu wanda ya ce a ci ƙwaya. Jan cini da zugu, mai jajayen ganye da ke fitowa a bola da bakin kwata, shi ma 'ya'yansa dafi ne.

Kada wani ya ce na ce a sare bishiyar. Ban ce ba, kuma ba zan ce ba, domin tana da rana. Tun da Turawan Fotugal suka yaɗo ta daga nahiyar Amurka zuwa ƙasashenmu, ta zauna da mu lafiya. Reshe kawai za ka sara ka kafa da damina, ya kama. Akuya ba ta cin ganyenta, saniya ba ta ci, shi ya sa babu shingen da ya fi ta tsare lambu da gona, kuma masu noman kabeji da karas da tumatir a bakin tafkunan da haƙar kuza ta bari sun san darajar shingen da dabba ba ta ketawa. Saiwarta tana riƙe ƙasa a gangare, tana jure fari. Ƙwayar kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinta mai ne. Idan ka ɓare ka jera su a tsinke ka kunna, za su ci da wuta kamar kyandir. A Mali mata suna matse man su yi sabulu su sayar, kuma a wani gari da ake kira Garalo an kafa injinan ba da wutar lantarki da za su yi aiki da shi. A watan Disamba na 2008 kamfanin Air New Zealand ya tashi jirgin sama da aka haɗa wa ɗaya daga cikin injinansa rabi man cini da zugu, rabi man jirgi. Mu ma nan, bayan gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin samar da mai daga tsirrai a 2007, an yi ta kiran manoma su shuka. Masu saye ba su zo yadda aka yi ta faɗa ba, kuma an gano cewa a ƙasa marar kyau bishiyar tana rayuwa amma ba ta 'ya'ya sosai. Wannan zance ne na malaman gona. Nawa dai shi ne, man da yake tayar da janareta, shi za ka ɗura wa cikin ɗanka?

Masu matse man, ku ma ga naku. Tunkuzar da ta rage ba ta dabbobi ba ce, kada a ba kaji ko tumaki, a kai gona ta zama taki. Kada a daka a turmin da ake daka abinci. Kada a zuba man a galan ɗin man gyaɗa ko robar lemo a ajiye a madafa, kalarsu ɗaya, mai girki ba za ta gane ba. A rubuta a jiki, a ɗaga sama.

Ruwan da ke fita idan an karya reshe, na san ana ɗiga shi a ƙaramin yanka don jini ya tsaya, na san yara suna hura shi da kara yana tashi kumfa-kumfa a iska. Ba a kan wannan nake faɗa yau ba, amma a kiyaye ido, yana da zafi ƙwarai. Idan ya shiga, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta. Kuma a daina shafa shi a bakin jariri saboda ƙuraje, haɗiyewa yake yi.

Mu dawo kan cikin da ake son wankewa. Ciki ba ya tara wani dattin da sai an kore shi da ƙarfin tsiya. Idan bayan gida ya yi tauri, a nan garin ne za a rasa abin yi? Daga Farin Gada ake lodin ganye da kayan lambu zuwa wasu jihohi. Ga alayyafo, ga kabeji, ga zogale, ga gwanda da lemo, ga wake. A sha ruwa, musamman yanzu da sanyi ya shigo mutane suna wuni ba su sha kofi biyu ba. Idan tsutsar ciki ake zargi, maganinta yana nan a asibitin unguwa, mai awo, kuma ba tsada. Idan cikin yaro ya kumbura ya ƙi sauka, ko babba yana ganin jini a bayan gida, dubawa yake buƙata. Sau da yawa wanda ya yi wata da watanni yana wankin ciki, idan ya zo sai a tarar wani ciwo ne daban yake cin sa tun tuni.

Idan kuwa an riga an ci, ko an riga an sha:

A taho asibiti nan take, kada a jira a ga abin da zai faru. Duk yaran da suka ci tare a kawo su, har wanda bai fara amai ba.
Kada a sa yatsa a maƙogwaro. Kada a ɗura manja ko madara, yaron da ke amai zai iya shaƙe su su tafi huhu.
Kada a tsaya kemis sayen ja da yalo ko Flagyl ko maganin tsayar da zawo.
A hanya a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan da cokali. Ƙunshi ɗaya na ORS a lita ɗaya, wato ruwan leda biyu masu rabin lita. In babu, rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe, a lita ɗaya. Mai shan nono a ci gaba da ba shi.
Wanda ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ba shi komai ta baki, a kwantar da shi ta gefe, a wuce babban asibiti kai tsaye, a nan Jos, JUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Jos) ko Plateau Specialist ko Jankwano, wanda ya fi kusa.
A zo da ragowar ƙwayar ko reshen, a faɗi lokacin da aka ci da yawan da aka ci.

Wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau. Dafin nan ba shi da wata allurar da ke karya shi, ƙarin ruwa da sa ido ne maganinsa, don haka idan kuka ɓoye mana, lokaci kawai za mu ɓata muna neman kwalara ko taifod. Faɗa zan yi, ba na musu, amma sai bayan na sa wa yaron ruwa.

Malaman tsangaya da na Islamiyya, ina neman alfarma. Ku tsinko reshe ɗaya mai 'ya'ya ku ɗaga a gaban ɗalibai, ku ɓare su gani, ku ce wannan ba a ci. Almajirin da ya wuni da yunwa shi ya fi kowa faɗawa ciki. Masu shinge a ƙofar gida ko kusa da makaranta, ku tsinke 'ya'yan tun suna kore, ku share na ƙasa ku binne, ku rage wa bishiyar tsawo kafin ta sake fure. Wanda kuma yake da gwangwanin nan a ƙarƙashin gado, yau ya fito da shi ya juye a masai, kada ya zuba a bola inda yara suke tsince-tsince.