Mayonis mai ƙarancin mai ba shi ne na mai gudun sitaci ba

An daɗe ana ɗauka cewa duk wanda ya rage cin sitaci da sukari, mayonis ɗin da aka rage wa mai shi ya fi dacewa da shi. Wannan fahimta ta samo asali ne daga zamanin da ake ɗora wa mai laifin kowace ƙiba, kuma har yau tana ruɗar mutane.

Mayonis na asali mai ne da gwaiduwar ƙwai da ruwan tsami. A Amurka ma doka ba ta yarda a kira shi mayonis ba sai mai ya kai kashi 65 cikin 100 na nauyinsa. Shi ya sa cokali guda ba ya kai giram 1 na kabohaidiret, wato sitaci da sukari. Da zarar an rage man kuwa, sai a cike gurbinsa da ruwa, ruwa kuma ba ya riƙe kauri. Galibi sai a zuba sitaci, wani lokaci har da sukari don ɗanɗano ya dawo. Kalori ya ragu, gaskiya ne, amma abin da kake gudu ya ƙaru. Bambancin kaɗan ne a cokali ɗaya, sai dai wa ke tsayawa a ɗaya?

Na gida ya fi kwanta mini a rai, tunda kai ke zaɓar manka kuma babu sukarin da zai shiga ba da saninka ba. Amma ɗanyen ƙwai na iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela, don haka a ajiye shi a firji, a cinye cikin 'yan kwanaki, masu juna biyu kuma su haƙura da shi.