"Ya ƙera jirgi": wace irin ƙira ake nufi?

Duk bayan 'yan watanni sai an sake jefo mana shi a Facebook: matashi tsaye gefen wani abu mai fukafukan langa-langa, an shafe shi da fenti, a sama an rubuta "Matashi ya ƙera jirgin sama." Washegari gidan rediyo ya ɗauka, ya ce ya "ƙirƙiro" jirgi. Jibi wani ɗan siyasa ya je ya ɗauki hoto da shi, ya ce yaron nan ya "haɗa" jirgi da hannunsa. Kalmomi uku a kan abu ɗaya, kuma cikinsu ba wanda ya tambaya ko abin ya taɓa barin ƙasa.

Yaron ba shi da laifi a wurina, ya yi ƙoƙari. Kalmar ce nake jin haushin yadda ake wasa da ita.

Ka je maƙera ka zauna. Maƙerin da ke gabanka ba shi ya ƙirƙiro fartanya ba, siffarta a wurin ubansa ya gaje ta, shi ma uban gada ya yi. Ƙarfen ma yanzu ba daga tama yake fitar da shi ba, tsohon ƙarfen mota yake saye. Nasa shi ne zuga-zugi da masaba da uwar maƙera, da sanin lokacin da ƙarfe ya yi jan da za a buge shi. Duk da haka in ya gama ba mai musun cewa shi ya ƙera, saboda sharaɗi ɗaya tak: fartanyar ta shiga gona ta yi noma. Wadda ta lanƙwashe tun a kunyar farko, manomi zai dawo masa da ita, kuma ba zai saurari labarin irin wahalar da aka sha ba. Daga nan ne ƙira ta ɗauki ma'anar tsari sananne, har muke cewa mota ƙirar Toyota. Ƙirƙira kuwa kawo abin da babu shi ne, shi ya sa har ƙarya muke kira ƙirƙirarren labari. A harkar jirgi, 'yan uwan nan biyu na gidan Wright, masu sana'ar keke, sun riga kowa tun 1903.

To, akwai mutanen da da gaske suke ƙera jirgi a gida, kuma cibiyarsu Amurka. Tun 1929 wani Bernard Pietenpol a jihar Minnesota ya fito da ɗan jirgin katako mai tashi da injin motar Ford, har yau ana sayen zanensa ana yi. A 1953 aka kafa ƙungiyarsu ta EAA, wadda ke taruwa duk shekara a garin Oshkosh. Yawancinsu yanzu ba daga zane suke farawa ba, kayan haɗi suke saye daga kamfani irin Van's Aircraft na jihar Oregon, a kawo musu a akwatuna. Da wutsiya ake farawa, don ita ce mai arha, in ka ɓata ba ka yi babbar asara ba. Daga nan fukafukai, sai gangar jiki, sai inji. Dubban ƙusoshin ribit ake bugawa ɗaya bayan ɗaya, shekaru ana yi a gareji bayan an taso daga aiki.

Abin da ya burge ni shi ne hukumar jiragen samansu ba ta bar kalmar a hannun 'yan jarida ba. Kafin a yarda kai ka ƙera, sai ka nuna cewa fiye da rabin aikin hannunka ne ya yi shi, abin da suke kira dokar kashi 51 cikin 100, kuma don ilimi ko sha'awa ka yi, ba don kasuwa ba. Hujjarka littafin da ka riƙa rubuta aikin kowace rana, da hotuna. Sai mai duba ya zo ya bi jirgin lungu-lungu. In ya amince, yawanci za ka yi awa 25 ko 40, gwargwadon irin injin, kana shawagi a yankin da aka keɓe maka kafin ka ɗauki ko matarka. A bakin ƙofa kuma dole a rubuta da manyan baƙaƙe cewa jirgin na gwaji ne, kuma ba ka da izinin yin haya da shi.

Masu raina "haɗa" kuma, waɗanda ke ganin in ba daga bola ka tsinto kayan ba to ba ka yi komai ba, su tuna da Air Beetle. Ƙaramin jirgin horo ne da Rundunar Sojin Saman Najeriya ta koyar da matuƙa da shi a Kaduna. Asalinsa RV-6A ne na wannan kamfani na Van's, irin wanda Ba'amurke ke bugawa a garejinsa. Guda 60 aka yi oda, a Kaduna aka harhaɗa su tare da 'yan gyare-gyare. Sun tashi, sun sauka, mutane sun koyi tuƙi a cikinsu. A ma'aunin maƙera, wannan ya fi cancantar a ce ƙira.

A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero a Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci, labarin ya zaga duniya. Abin da ya sa nake ganin girman wannan labari shi ne an faɗi iyakarsa: rahotannin lokacin sun ce tashinsa bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Ƙafa 7 ba ta kai ka Zariya, amma lamba ce, kuma an faɗe ta. A labaran da ake jefo mana yanzu, irin wannan lambar nake nema in rasa.