Me ake nufi da "dokar kukan mujiya"?

Tun da zafi ya kankama a Amurka ake ta ambaton wata doka ta jihar Montana da suke kira hut-awul, wato kukan mujiya. Shekaranjiya na ji wani mai fassara labarai a rediyo yana cewa an kafa ta ne "don kare mujiya". Haba malam! Ba ruwan mujiya a ciki.

Masu fatsa aka yi wa dokar. Idan zafin ruwan kogi ya kai digiri 73 a ma'aunin Farenhait, kusan 23 a na Salshiyas, kwana 3 a jere, hukumar kifi da namun daji ta jihar takan hana jefa ƙugiya daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare. Koguna irin su Madison da Big Hole da Jefferson sun saba da ita a watannin Yuli da Agusta.

To ina mujiya ta shigo? Daga masu saran katako na da. Idan rani ya yi tsanani, daji ya bushe ƙamas, ƙyastu ɗaya daga kayan aiki ya isa tayar da gobara. Sai su riƙa sammako tun da duhu, mujiya ba ta gama kukanta ba, su tashi aiki kafin rana ta take. Wannan sammakon aka laƙaba wa sunan, masunta suka gada. Bahaushe kam da ya ji mujiya sai ya yi a'uziyya, su kuwa agogo suka mai da ita.

Kifin da ake wa wannan gata, turawut, ba tarwada ba ne da za ta kwanta a taɓo ta jira damina. Ɗan ruwan sanyi ne, kuma ruwa na ɗumama iskar oksijin da ke cikinsa na raguwa. Masu fatsar can da yawa kamawa suke su saki, suna ganin ba su cuci kowa ba. Alhali kifin da ya sha kokawa da zare cikin ruwan ɗumi, ko an sake shi yana kaɗa jela, sau tari gaba kaɗan zai juya ciki sama.

Ni dai dokar ta yi mini kama da sulhu, don kada masu raka baƙi kamun kifi da masu shagon ƙugiya su kwana da yunwa. Kifin da aka wahalar ƙarfe 1 da rabi, wa ya gaya masa saura minti 30?