Tambayoyi da amsoshi kan ci gaban mace a aikin gina manhaja a Saudiyya

Waɗannan tambayoyi ne da ƙannena da 'ya'yan 'yan'uwa, Hausawan Makka da Jidda da Madina, suke yawan kawo mini a wurin biki ko bayan shan ruwa da azumi, saboda sun san na daɗe ina aikin gina manhaja a Jidda. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na amsa su gwargwadon abin da na gani da idona.

Shin da gaske ƙofar wannan aiki a buɗe take ga mace a ƙasar nan?

A buɗe take fiye da yadda iyayenmu suka san ta. Tun da aka ƙaddamar da shirin raya ƙasa na Hangen 2030 a shekarar 2016, gwamnati ta sa burin mata su kai kashi 30 cikin ɗari a shiga kasuwar aiki, kuma an wuce wannan adadi tun kafin wa'adin ya cika. A watan Yunin 2018 mata suka fara tuƙa mota, a 2019 kuma aka gyara dokar ƙwadago ta hana nuna bambanci tsakanin ma'aikata saboda jinsi. Ta fuskar karatu, akwai Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad, wadda ita ce jami'ar mata mafi girma a duniya, akwai Jami'ar Iffat a Jidda, akwai Ummul Ƙura a Makka, sannan kamfanin Apple ya buɗe makarantar koyar da gina manhaja ta mata a Riyad tare da haɗin gwiwar makarantar Tuwaiq. A gasar gina manhaja domin aikin Hajji da aka yi a Jidda a 2018, tawagar mata zalla ce ta zo ta ɗaya da manhajar Turjuman, wadda take fassara wa alhazai rubutun allunan hanya. Saboda haka shiga ba ita ce babbar matsalar ba a yanzu. Matsalar ita ce mace ta shiga ta shekara biyar a kujera ɗaya, waɗanda suka zo bayanta suna wuce ta.

To me ke ɗaga injiniya daga ƙarama zuwa babba, in ba ƙwarewa ba?

Ƙwarewa ita ce tushe, amma ƙwarewar da ba a sani ba ba ta ɗaga kowa. Ƙaramar injiniya ana ba ta aiki a yanke, ta rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, a duba, a karɓa. Babba kuwa ana ba ta matsala ce ba a yanke ba, ita za ta tambayi masu amfani da manhajar, ta tsara hanya, ta rubuta dalilin da ya sa ta zaɓi wannan ta bar wancan, ta duba kod ɗin wasu, kuma idan abu ya lalace cikin dare sunanta ne yake fara zuwa bakin mutane. Masu ƙarin girma suna neman shaidar cewa kin riga kin fara yin aikin matakin da ke sama da naki, kuma shaidar nan sai a rubuce take tasiri.

A nan ne tarbiyyarmu take buƙatar a fahimce ta da kyau. An raine mu da kunya da kawaici, an koya mana cewa yabon kai jahilci ne, kuma ni ban ga aibin wannan tarbiyya ba. Amma faɗin abin da kika yi a wurin aiki ba yabon kai ba ne, ba da rahoto ne. Na taɓa zama da wata ƙanwata a wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da masu Umra suka yi yawa, manhajar ajiye ɗakin otal ta riƙa tsayawa, ita ce ta zauna bayan tarawihi har sahur ta gano cewa tambaya ɗaya ce ake aika wa rumbun bayanai sau ɗaruruwa, ta gyara. Da safe a taron tsaye na minti goma sha biyar, inda kowa yake faɗin abin da ya yi, da aka zo kanta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, “An gyara, alhamdu lillahi.” Ba ta ce ita ta gyara ba, ba ta ce ga yadda aka yi ba. Bayan wata huɗu da aka zo tantance ma'aikata, babu wanda ya tuna da daren nan. Tun daga ranar nake gaya wa kowace yarinya ta buɗe takarda guda, duk ranar Alhamis kafin a tashi hutun mako ta rubuta abin da ta gama, da matsalar da ya warware, da mahaɗar da za a bi a gan shi.

Mene ne amfanin jagora, kuma ta yaya ake samun ta?

Mu ba baƙin wannan al'ada ba ne, domin mun san uwar ɗaki, mun san yadda ake kai yarinya wurin gwana ta koyi kitso ko ɗinki. Jagora a wannan sana'a ita ce wadda ta riga ki da 'yan shekaru, take gaya miki abin da ba a rubuta a takardar kamfani ba: wane aiki ne ake ƙirgawa wurin ƙarin girma, wane ne kawai ake gode miki a manta, yaushe ake maganar albashi, da wace siga. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai dai akwai mutum na biyu da ya kamata a bambanta shi da jagora, wato mai tsaya miki. Jagora tana magana da ke. Mai tsaya miki yana ambaton sunanki a ɗakin da ba kya ciki, lokacin da ake rabon manyan ayyuka. Shi ba a roƙonsa, aikinki da ya gani ne yake jawo shi. Ita ma jagora ba a tunkarar ta da cewa “ki zama jagorata,” domin wannan nauyi ne da mutum ba ya sanin iyakarsa. Ki je mata da tambaya guda mai kan gado, ki ce, “Yaya, ga tsarin da na yi wa wannan aiki, ina ne kike ganin zai karye?” Ki yi aiki da shawarar, ki dawo ki gaya mata abin da ya faru. Idan aka yi haka sau uku, jagoranci ya ƙullu ba tare da an kira sunansa ba.

Dole ne jagorar ta kasance mace?

Ba dole ba ne. Manyan injiniyoyi mata har yanzu ba su kai maza yawa ba, kuma wadda ta ce sai mace za ta daɗe tana jira. A yi mu'amalar a ofis, a lokacin aiki, a kan maganar aiki, yadda miji ko mahaifi ba zai ji komai ba idan ya ji labarin. Amma maganar goyo da dangin miji da gajiya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Aure da haihuwa ba za su tsayar da ni ba?

Za su rage gudu na wani lokaci, kuma wadda ta ce miki ba haka ba ne ba ta gaya miki gaskiya ba. Dokar ƙwadago, bayan gyaran da ya fara aiki a watan Fabrairun 2025, ta ba mai haihuwa hutun mako 12 da cikakken albashi, 'yan ƙasa kuma suna da tallafin Ƙurra na kuɗin renon yara da tallafin Wusul na kuɗin mota zuwa wurin aiki. Abin da na ga ya fi amfani shi ne mace ta rubuta bayanin duk abin da ke hannunta kafin ta tafi, ta kuma nemi a faɗa mata a rubuce aikin da za ta koma a kai, don kada ta dawo ta tarar an mayar da ita gyaran ƙananan kurakurai.

Ni kuma mai iƙama ce, wato takardar izinin zama, ba 'yar ƙasa ba. Ina makomata?

Wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa mini zuciya, domin a zuri'a ɗaya sai ki sami mai takardar ɗan ƙasa da wadda aka haifa a Makka amma tana sabunta iƙama, ga kuma 'yan'uwanmu da yaƙin Sudan na Afrilun 2023 ya koro daga Khartum da Wad Madani. Tsarin Niɗaƙat, wanda ya fara a 2011, yana tilasta wa kamfanoni ɗaukar wani kaso na 'yan ƙasa, kuma ayyukan sadarwa da kwamfuta suna cikin waɗanda aka ware wa kaso. Ke mai iƙama sai shaidarki ta fi ƙarfi kafin a zaɓe ki. Sauƙin wannan sana'a shi ne ana iya nuna aiki ba tare da izinin kowa ba: ki sa aikinki a GitHub, shafin da masu gina manhaja suke ajiye kod ɗinsu kowa ya gani, ki taimaka a manhajojin da kowa ke da damar gyarawa, ki nemi shirin Outreachy, wanda yake ba da horon wata uku daga gida tare da jagora da kuɗin alawus. Tun watan Maris na 2021 kuma, ma'aikaci baƙo a kamfani mai zaman kansa yana iya komawa wani kamfani bayan shekara guda bisa sharuɗɗan doka, ba sai da amincewar mai gidansa na farko ba, don haka idan wuri ya ƙi ɗaga ki, ki fara duba kwantiraginki a Ƙiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago, ki ga ranar da shekarar ta cika.