Shin majalisar Amurka za ta iya maido wa Taiwan matsayin ƙasa?

Kusan duk lokacin da aka rantsar da sabuwar majalisa a Washington sai an ji cewa wasu 'yan majalisa sun gabatar da ƙuduri na neman Amurka ta sake amincewa da Taiwan a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta. Wanda ya fi nacewa a kan wannan shi ne Tom Tiffany, ɗan majalisar wakilai na jam'iyyar Republican daga jihar Wisconsin. Ya kawo shi a 2021, ya sake kawowa a 2023, ya kuma dawo da shi a 2025. Buƙatun ba sa canjawa sosai: a yi watsi da manufar nan ta "Sin ɗaya ce" (wato amincewa da gwamnatin Beijing kaɗai a matsayin gwamnatin Sin), a yi musayar jakadu da Taipei, babban birnin Taiwan, a ƙulla yarjejeniyar ciniki, a mara wa Taiwan baya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya tsaya a kanun labari zai ɗauka saura ƙiris a ɗaga tuta. Amma ko da duka 'yan majalisar wakilai 435 da sanatoci 100 za su ɗaga hannu su ce sun yarda, washegari ba abin da zai sauya a doka. Dalilin haka yana cikin tsarin mulkin Amurka, kuma ba za a gane shi ba sai an koma yadda aka yi aka rabu tun farko.

A 1949 'yan gurguzu ƙarƙashin Mao Zedong suka ci yaƙin basasar Sin, gwamnatin Chiang Kai-shek ta tattara ta ƙetara teku zuwa tsibirin Taiwan da sunanta na Jamhuriyar Sin. Shekara talatin Amurka tana ɗaukar wannan gwamnati ta Taipei a matsayin halastacciyar gwamnatin Sin baki ɗaya, har ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da ita a 1954. Ƙasa ta fara zamewa a 1971, lokacin da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2758 ya miƙa kujerar Sin ga Beijing. A shekarar da ta biyo baya Shugaba Nixon ya je Sin. Sai a ranar 15 ga Disamba 1978 Shugaba Jimmy Carter ya fito a talabijin ya sanar cewa daga 1 ga Janairu 1979 Amurka ta amince da gwamnatin Beijing, ta yanke hulɗar jakadanci da Taipei.

Yadda aka isar da saƙon ya isa ya nuna wa mutum inda iko yake. Cikin tsakar dare jakadan Amurka a Taipei, Leonard Unger, ya sa aka tashi Shugaba Chiang Ching-kuo daga barci aka faɗa masa, saura sa'o'i kaɗan duniya ta ji. Da tawagar Warren Christopher, mataimakin sakataren harkokin waje, ta sauka Taipei bayan 'yan kwanaki, jama'a suka tare motocinsu da jifan ƙwai da tumatir. Su ma 'yan majalisar Amurka kusan a labarai suka ji, alhali a wannan shekarar sun riga sun rubuta cikin doka cewa suna so a tuntuɓe su kafin a taɓa yarjejeniyar tsaron. Sanata Barry Goldwater da wasu abokansa suka maka Carter a kotu kan soke yarjejeniyar. Kotun Ƙoli ta kori ƙarar a ƙarshen 1979 ba tare da ta shiga cikin gundarin maganar ba. Huɗu daga cikin alƙalan suka ce wannan rigima ce ta siyasa, a je can a warware.

To yanzu ga ƙudurin Tiffany. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne nau'insa. Majalisar Amurka tana da takardu iri-iri. Akwai ƙudurin doka, wanda idan majalisun biyu suka amince ake kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu ya zama doka mai hawa kan kowa. Akwai kuma ƙudurin bayyana ra'ayi na majalisun biyu, wanda ba a kai wa shugaba, ba ya sa hannu, ba kotun da za ta tilasta a bi shi. Na Tiffany irin na biyun ne. Lafazinsa ma "ra'ayin majalisa ne cewa ya kamata shugaban ƙasa ya yi kaza". Shawara ce kawai aka rubuta a takardar hukuma. Kuma ko wannan matakin bai taɓa kaiwa ba: ana miƙa shi ga kwamiti, ya kwanta a can, wa'adin majalisar na shekara biyu ya ƙare, ya mutu, a sake shigar da shi da sabuwar lamba. Wannan ne ya sa ake ta jin labarin kamar sabo.

Mai tambaya zai ce, to me ya hana su rubuta shi a matsayin cikakkiyar doka? Amsar ta fito ne daga wata shari'a da ba ta shafi Taiwan ba ko kaɗan. A 2002 majalisa ta yi dokar da ta ce Ba'amurken da aka haifa a Ƙudus yana iya neman a rubuta "Isra'ila" a fasfonsa a matsayin wurin haihuwa. Ma'aikatar harkokin waje ta ƙi, saboda a lokacin Amurka ba ta amince da ikon kowace ƙasa a kan birnin ba. Iyayen wani yaro mai suna Zivotofsky suka kai ƙara, aka yi ta jan zare fiye da shekara goma, har a watan Yunin 2015 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Zivotofsky, alƙalai shida a kan uku. Ta ce ikon amincewa da wata ƙasa ko gwamnati na shugaban ƙasa ne shi kaɗai, majalisa ba za ta tilasta masa ya faɗi abin da ya saba wa matsayinsa ba, ko a layi ɗaya na fasfo. Hujjar ta haɗa da sashen tsarin mulki da ya ce shugaba ne ke karɓar jakadu, da kuma buƙatar ƙasa ta yi magana da baki ɗaya idan ana batun wa ta sani wa ba ta sani ba. Idan kalma ɗaya a fasfo ta gagara, musayar jakadu ta fi ƙarfin majalisa nesa ba kusa ba.

Wannan ba ya nufin hannun majalisa a ɗaure yake. Ita ke riƙe da lalitar gwamnati, Majalisar Dattawa ce ke tantance jakadu, ita ke amincewa da yarjejeniyoyi da kashi biyu cikin uku. Sai dai waɗannan duk makaman hanawa ne. Sanatoci za su iya ƙin tantance jakadan da aka kawo musu, amma ba za su iya naɗa wanda shugaba bai aiko ba. Misalin Ƙudus ya sake amfani a nan: tun 1995 aka yi dokar mayar da ofishin jakadancin Amurka can, shugabanni uku suka yi ta ɗage aiwatarwa duk bayan wata shida, sai da Trump ya ga dama a 2017 sannan abin ya motsa, aka buɗe ofishin a 2018.

A ganina, aikin da majalisa ta yi wa Taiwan mai nauyi tun 1979 ta gama shi, kuma shi ne ya fi cancantar a karanta. Cikin fushin abin da Carter ya yi, 'yan majalisa suka karɓi ɗan siririn daftarin da fadarsa ta aiko suka cika shi da nama, suka zartar da Dokar Hulɗa da Taiwan da gagarumin rinjaye, shi kuma ya sa hannu ranar 10 ga Afrilu 1979. Dabarar dokar ita ce raba suna da aiki. Ta bar wa shugaba sunan, ta riƙe aikin. Ta ce duk inda dokokin Amurka suka ambaci ƙasashen waje ko gwamnatocinsu, a lissafa har da Taiwan. Don haka Taiwan na iya kai ƙara a kotun Amurka a kuma kai ta, yarjejeniyoyin da aka ƙulla da ita kafin 1979 suna nan sai wanda aka soke, dukiyarta tana nan a hannunta. Ta ce Amurka za ta riƙa samar wa Taiwan makaman kare kai, kuma duk yunƙurin yanke makomar tsibirin da ƙarfi, har da takunkumi ko toshe hanyoyin ruwa, abin damuwa ne ƙwarai ga Amurka. A lura, ba ta ce sojan Amurka zai shiga yaƙi ba. An bar wannan a dunƙule da gangan.

Daga dokar ne aka samu Cibiyar Amurka a Taiwan, wadda a takarda ƙungiya ce mai zaman kanta da ba ta neman riba. A aikace kuwa tana ba da biza, tana sabunta fasfo, tana da katafaren gini a unguwar Neihu ta Taipei da aka ƙaddamar a 2018. Shugabanta darakta ake kiransa, ba ya bi ta tantancewar sanatoci. A shekarun farko, jami'in diflomasiyyar da aka tura can sai ya ajiye aikin gwamnati na ɗan lokaci, ya je a matsayin farar hula, in ya gama a mayar da shi. Kowa ya san wasan, kowa kuma ya yarda a yi shi.

Akwai wani gida a Washington da ake kira Twin Oaks, tsohon masaukin jakadun Jamhuriyar Sin. Gab da yanke hulɗa, Taipei ta yi maza ta sayar da shi ga wata ƙungiyar abokanta a kan kuɗi na jeka-na-yi-ka don kada Beijing ta gaje shi, daga baya ta karɓi abinta. Har yau wakilan Taiwan na yin liyafa a ciki. Amma da suka ɗaga tutarsu a harabar gidan ranar sabuwar shekara ta 2015, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta fito ta ce ba da saninta aka yi ba, kuma ya saba wa manufarta. Gidan nasu ne, tutar ce ba a yarda ba. Iyakar abin da ƙudurin Tiffany ke son cikewa ke nan, domin sauran kusan duk suna hannu. Dokokin baya-bayan nan ma a wannan layin suke tafiya: ta 2018 ta ƙarfafa ziyarar manyan jami'ai tsakanin ɓangarorin biyu, ta 2020 ta nemi a taimaka wa Taiwan ta riƙe ƙawayen da suka rage mata. Dukansu sun wuce, an sa musu hannu, saboda ba su taɓa sunan ba.

Kalmar "maidowa" ita kanta tana da ƙura. Abin da Amurka ta amince da shi kafin 1979 shi ne gwamnatin da ke cewa ita ce mai mulkin Sin gaba ɗaya, tun daga Shanghai har Tibet. Ba wanda ke neman a koma wannan. Abin da masu ƙudurin ke so shi ne a amince da Taiwan a matsayin ƙasa dabam kusa da Sin, wanda Amurka ba ta taɓa yi ba. Kuma matsayinta na yanzu ya fi yadda ake zato santsi. A sanarwar 1979 ta amince cewa gwamnatin Beijing ce kaɗai halastacciyar gwamnatin Sin, amma game da cewa Taiwan yanki ne na Sin, rubutun Turanci ya ce ne kawai ta ji matsayin Sinawa ta kuma lura da shi. Rubutun Sinanci ya yi amfani da kalmar da ta fi kusa da amincewa. Sama da shekara arba'in ke nan kowane ɓangare na riƙe da nasa karatun.

Beijing kuwa ba ta yarda da riƙe biyu. Duk ƙasar da ta buɗe ofishin jakadanci a Taipei ta rasa na Beijing. An ga ƙasashen da suka koma wa Taiwan bayan sun bar ta, kamar Nijar a 1992, Nauru a 2005 da Saint Lucia a 2007, amma Nijar ta juya bayan shekara huɗu, Nauru ma ta sake juyawa a Janairun 2024, abin da ya bar Taiwan da ƙawaye 12, ciki har da Fadar Vatican, Paraguay da Eswatini. Lithuania ko amincewa ba ta yi ba. Barin da ta yi aka buɗe ofishi mai ɗauke da sunan Taiwan a 2021 ya isa Sin ta rage matsayin hulɗa da ita ta kuma matse mata kasuwanci. Ga kuma dokar da Sin ta yi a 2005 ta hana ɓallewa, wadda sashenta na 8 ya ba da damar amfani da hanyoyin da ba na lumana ba. Ziyarar kwana guda da Nancy Pelosi, kakakin majalisar wakilan Amurka a lokacin, ta kai Taiwan a Agustan 2022 ta jawo atisayen soja da harba makamai masu linzami kewaye da tsibirin.

Shi ya sa ba mamaki cewa shugabannin Taiwan ba su ne kan gaba wajen tura wannan ƙuduri ba. Sukan yi godiya ga masu gabatar da shi, sannan su koma kan abin da ya fi damunsu: makaman da suka biya kuɗinsu su iso a kan lokaci, a sauƙaƙa haraji da ciniki, a bar su su zauna a tarukan Hukumar Lafiya ta Duniya. Tsohuwar shugabar Taiwan Tsai Ing-wen, da Lai Ching-te da ya gaje ta a 2024, matsayinsu ɗaya ne, cewa Taiwan ba ta buƙatar shelar 'yanci tunda tana da gwamnatinta, sojanta, kuɗinta, kuma mutanenta kimanin miliyan 23 suna zaɓen shugabansu kai tsaye tun 1996. Idan wata rana wani shugaban Amurka ya yanke shawarar tura jakada Taipei, ba ya buƙatar izinin majalisa ya sanar, kamar yadda Carter bai nema ba lokacin da ya janye nasa. Sunan jakadan ne kawai zai je gaban sanatoci.