Mene ne ANC da ake rubutawa a kwalin hedifon?

Duk wanda ya je sayen hedifon ko iyafis a 'yan shekarun nan ya ga haruffa uku a jikin kwali: ANC. Mai shago zai ce maka wannan yana kashe hayaniya, ya ɗora kuɗi a kai. Gaskiya ya faɗa, amma bai ƙarasa ba, domin ba kowace hayaniya na'urar ke iya kashewa ba.

Hanya biyu ake bi a rage ƙarar da ke shiga kunne. Ta farko toshewa ce kawai: soso mai kauri ya rufe kunne, ko roba ta cike raminsa. Ta biyu ita ce ANC, wato Active Noise Cancellation a Turance, wadda ke kashe sauti da sauti. Shi sauti iska ce ake matsawa ana saki, ana matsawa ana saki, har motsin ya isa dodon kunne. A jikin hedifon akwai ƙananan makirfo da ke sauraron ƙarar waje. Wata 'yar na'ura a ciki sai ta auna ƙarar, nan take ta sa lasifika ta fitar da kishiyarta: inda ƙarar ta matsa iska, ita ta saki, inda ta saki, ita ta matsa. Kamar mutum biyu ne masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙofa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Ƙofar ba za ta motsa ba, kuma dodon kunnen da bai motsa ba bai ji komai ba.

Dabarar ta daɗe. Wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya nemi a yi masa rajistarta tun 1933, sai dai kayan lantarkin zamaninsa ba su da saurin da aikin ke buƙata. A 1978 ne Amar Bose, malami a jami'ar MIT ta Amurka, ya hau jirgi daga Zurich zuwa Boston, aka ba shi hedifon, ƙugin inji ya hana shi jin daɗin abin da yake saurare. Tun a cikin jirgin ya fara lissafin yadda za a magance abin. Kamfaninsa ya fitar da na matuƙan jirgin sama a 1989, sannan na fasinjoji, QuietComfort, a 2000. Sony da wasu su ma suna yin nasu, Apple kuma ya sa fasahar a ƙaramin iyafis ɗinsa AirPods Pro a 2019.

Asalin nan shi ke nuna maka inda ƙarfinta yake. Don ƙugin jirgi aka yi ta, don haka ta fi ƙwarewa a kan ƙara mai kauri da ke tafiya bai ɗaya ba sauyi: injin jirgin sama, gurnanin jirgin ƙasa irin na Abuja zuwa Kaduna, doguwar bas daga Kano zuwa Legas, janareton maƙwabci. Irin wannan ƙarar tana maimaita kanta, na'urar na iya cim mata. Amma kukan jariri, da hon ɗin mota, da muryar kwandasta, siririyar ƙara ce mai zuwa ba zato, kuma kafin na'urar ta shirya kishiyarta ta riga ta wuce. A nan toshewar ce ke aiki, shi ya sa ko iyafis mai tsada ne, in robarsa ba ta zauna daram a kunnenka ba, zai ba ka kunya.

A ganina babban amfaninta ba jin daɗi ba ne, lafiyar kunne ce. Mutum a mota yakan ƙure sauti don karatu ko wa'azi ko waƙar da yake ji ta rinjayi inji, bai san yana cutar kansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na tsawon awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ya kai desibel 90, awa 4 kacal ke gare shi a mako. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. Idan ƙugin ya ragu, sai ka ji komai sarai da sauti ƙasa-ƙasa.

A kula da wasu haruffan masu kama da waɗannan, wato ENC, da aka fi gani a kan iyafis masu araha. Wannan muryarka yake tacewa lokacin waya don wanda ke ɗaya ɓangaren ya ji ka da kyau, kai kuwa kunnenka bai samu sauƙin komai ba. Gwajin mai sauƙi ne: sa shi a kunne ba tare da kunna komai ba, ka tsaya kusa da fanka ko janareto, ka kunna ANC ka kashe. In na gaske ne za ka ji ƙugin ya faɗi.

ANC ma tana da nata matsalolin. Tana cin batir, iska mai ƙarfi kan rikita makirfon, wasu kuma sukan ji kunnensu ya toshe kamar jirgi na tashi, har kai ya yi nauyi.

Wadda ta fi damuna ita ce ta hanya. Ƙugin babbar mota da ke tahowa ta bayanka yana cikin ainihin irin ƙarar da na'urar ta ƙware a kai. Don haka fasinjan da ke zaune ne ya dace ya kunna ta, ban da direba, ban da mai babur ko Keke Napep, ban da mai tsallaka titi ko layin dogo. Yawancin na zamani suna da wani tsari da ke juya aikin makirfon, ya riƙa shigo da sautin waje cikin kunne. Da zarar ka sauko daga mota a tasha, koma wa wannan tsarin, ko ka cire iyafis ɗin gaba ɗaya ka sa a aljihu.